Shekarar da Ba a Kira Sunan Hollis Ba

A garinmu Corbin Ferry, can kudancin Mississippi, akwai abubuwan da ɗan wasan besbol ba ya yi ko da wasa. Ba ya taka farin layin alli idan zai shiga fili, tsallake shi yake yi. Ba ya wanke safar ƙafar da ya ci wasa da ita, ko da wari zai kori jama'a daga ɗaki. Babbar cikinsu kuwa ita ce ta mai jifa. Idan ya kai zagaye na biyar ba a samu mai kulki ko ɗaya da ya bugi ƙwallonsa ya tsira ba, to an daina yi masa magana ke nan. Ya dawo rumfar 'yan wasa ya zauna a ƙarshen benci, kowa ya matsa ya bar masa wuri, ba mai kallonsa, ba mai kiran sunansa, sai an tashi wasa. Wai kada a kore masa sa'a. Yara ne fa masu karatun injiniya da harhaɗa magunguna, amma je ka ce musu camfi ne ka ga irin kallon da za su yi maka.

Boyd Ladner shi ne mai cafka na ƙungiyar jami'ar garin, mai tsugunawa bayan mai kulki da takunkumin ƙarfe a fuska yana karɓar duk abin da aka jefo. Shekara huɗu yana tsugunne, gwiwoyinsa har ƙara suke yi idan zai hau mota. Shekara huɗun nan kuma ɗaki ɗaya yake kwana da Hollis Varnado, mai jifan da ake fitarwa duk Juma'a, ranar da kowace ƙungiya ke fitar da gwaninta.

Shi kuwa Hollis Allah ya yi shi da surutu. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, yana goge baki yana magana, yana cin abinci yana magana, har ƙwallo sai ya yi mata nasiha kafin ya jefa ta. Babu labarin da bai ba Boyd ba, daga karen kakansa mai ƙafa uku har yadda ake zura hannu cikin kogon laka a kamo tarwaɗa. Boyd ya sha danne kansa da filo yana cewa, "Don Allah, Hollis, ko rediyo ana kashe shi ya huta." Amma duk wanda ya san su ya san Boyd ba shi da wani aboki kamarsa.

Juma'ar farko ta kakar bana, cikin Fabrairu, Hollis ya hau tudun jifa ya yi abin da bai taɓa yi ba. Zagaye tara cur, wato wasan gaba ɗaya, ba wanda ya bugi ƙwallonsa ya kai ko tasha ta farko cikin tashoshi ukun da ake zagayawa a guje kafin a ci maki. Tun daga zagaye na biyar aka yi masa shiru kamar yadda aka saba. Da aka tashi, suna shiga ɗakin canja kaya Boyd ya buɗe baki zai kwarara masa kira, sai Jarvis Magee, mai tsaron tasha ta farko, uban 'yan tsokana, ya toshe masa baki da tafin hannu.

"Kai, ina za ka?" in ji Magee. "Mutum ya kunno wuta haka, kai kuma ka taho da bokitin ruwa? A bar shi zuwa Juma'a mai zuwa mu ga abin da zai faru."

Aka fashe da dariya, ta Hollis ta fi ta kowa. "Ku dai ba ku da mutunci," in ji shi. "To shi ke nan. Ni zan yi ta magana, mu ga wanda zai fara gajiya."

Juma'a ta zagayo. An ɗan taɓa ƙwallonsa sau biyu, amma ba wanda ya zagaya tashoshin nan ya dawo gida, wato inda ya taso, ya ci maki. Ta uku ma haka, ta huɗu ma haka. Daga nan ba wanda ya sake kiran abin wasa. Aka cire lambarsa daga zauren hirar waya na ƙungiya. Sunansa ya koma Na Juma'a. Koci Stringer, wanda kullum yake cewa shi bai yarda da camfi ba, sai ga shi yana rubuta masa umarni a allo ya juya baya. Jami'ar nan shekara tamanin tana wasa ba ta taɓa zuwa Omaha ba, birnin da ƙungiyoyi takwas na ƙarshe ke haɗuwa a watan Yuni su nemi kofin ƙasa, saboda haka da gari ya ji ƙanshin abin sai kowa ya shiga. Mai sharhi a rediyo ya koma cewa "mai lamba sha tara". Matar da ke soya tarwaɗa a bakin gada ta ajiye masa faranti ta wuce ba ko sannu. Malamai suka riƙa tsallake sunansa wajen kiran suna. Har fastonmu, Allah ya yafe masa, ya tsallake shi cikin jerin waɗanda ake sa wa albarka ranar Lahadi.

Boyd ne ya fi shan wahala, don shi ke kwana da shi. Hollis ya kwanta ya kalli rufin ɗaki ya yi ta zuba, ya jefo tambaya ya jira, Boyd ya cije leɓe. Wata safiya Hollis ya ce, "Ka ga takalmina na hagu?" saura ƙiris Boyd ya ce yana ƙarƙashin gado. Abin ya tsorata shi. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ba kuma wata babbar ƙungiya da ke nemansa, daga Yuni sai masana'antar katako wurin kawunsa. Idan akwai abin da zai riƙa tunawa yana jan gungume har tsufa, to wannan kakar ce. A ƙarshen Maris ya naɗe bargonsa ya ɗauki filo zai koma kujerar ɗakin Magee.

Hollis na zaune bakin gado yana shafa wa safar hannunsa ta fata mai. Ya ɗago kai. "Har da kai, Boyd?"

Da murmushi ya faɗa. Boyd ya ja ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.

Cikin Afrilu ne ya fara lura da abubuwa. Na farko ƙara ce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fili ya san ƙarar da ƙwallon gwani ke yi idan ta faɗa safar mai cafka, ana jinta har wurin ajiye motoci. Ta Hollis ta daina yi. Gudunta yana nan, masu kulki suna kai mata duka suna dukan iska, amma sai ta sauka cikin safar Boyd shiru. Hannunsa na hagu, wanda ya saba kumbura duk Asabar, ya daina ciwo. Idan ya ciro ƙwallon zai mayar, sai ya ji ta da sanyi kamar daga firji aka ɗauko ta, alhali zafi ya fara sauka gyare na ta kuka a itatuwa.

Na biyu tudun ne. Kowane mai jifa yana haƙa rami da ƙafarsa a jar ƙasar nan, wurin da yake dirawa, kullum sai an cike shi an daddaɓe bayan wasa. Wata Juma'a da aka tashi Boyd ya bi ta kan tudun. Jifa ɗari da ɗoriya aka yi a kansa, amma ƙasar tana nan sumul yadda aka share ta da safe, ba ko sawun ƙusar takalmi. Ya tsaya yana kallo, sannan ya shafa wurin da nasa takalmin don kada wani ya gani.

Hollis dai bai daina magana nan take ba, raguwa ya yi ta yi. Ya bar ba da labari, ya koma gaisuwa kawai, ita ma ba mai amsawa. Daga baya sai ka ga bakinsa na motsi, sai ka matsa sosai kafin ka ji wani abu. Wata rana tsakar rana Boyd ya hango shi tsaye gaban ƙofar gilashi ta ɗakin cin abinci, irin mai buɗe kanta idan mutum ya matso. Yana tsaye dab da ita, ba ta buɗe ba. Ya ɗaga hannu ya kaɗa, ko gezau. Sai da wata ɗaliba ta zo da littattafanta ta buɗe, ya bi bayanta ya shige. Yarinyar ba ta ko waiwaya ba, kuma ba irin kau da kan da mutanen gari ke yi da gangan ba ne.

Boyd ya kai wa Magee maganar.

"Ƙofar ce ta lalace," in ji Magee, bakinsa cike da dafaffiyar gyaɗa. "Ko kuma ramarsa ce ta yi yawa. Kai dai tsuguna ka cafe, mutumina. Mun ci wasa talatin da ɗaya. Kakana bai taɓa ganin haka ba."

"Ba ka lura da shi ba ne. Ka dube shi da kyau."

"Ai ba a kallonsa. Dokar ke nan."

Ranar da za su tafi wasa Alabama, Koci Stringer ya bi cikin bas yana ƙirga kawuna, ya ce wa direba an cika. Boyd ya leƙa taga ya ga Hollis yana tahowa da jakarsa ta cikin wurin ajiye motoci, bai ko yi sauri ba. Boyd ya yi tsalle ya ce ya manta takunkuminsa, ya sauka ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube cikin jaka har Hollis ya zo ya wuce shi ya hau. Da ya gifta shi sai ya ji wata iska mai sanyi a gefen fuskarsa. Koci bai sake ƙirgawa ba.

Mis Loretta, mahaifiyar Hollis, ta zo cikin Mayu. Awa uku ta yi tana tuƙa tsohuwar a-kori-kurar marigayi mijinta. Ta tsaya a bakin shingen fili lokacin atisaye da hular coci a kanta.

"Boyd Ladner, zo nan."

"Na'am, Mis Loretta." Ya cire hula.

"Me kuka yi wa ɗana?"

"Ba komai, Mis Loretta. Al'ada ce kawai ta..."

"Kada ka koya mini al'adarku. Ubansa ya yi wasan nan tun ba a haife ka ba. Ta awa biyu ce, ba ta wata uku ba." Ta riƙe wayar shingen da hannu biyu. "Jiya na kira shi ya ɗauka, ban ji komai ba sai iska. Na ce Hollis, uwarka ce. Sai can na jiyo shi nesa, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Yanzu na shigo na wuce shi a hanya ban gan shi ba, ni da na haife shi. Sai da ya taɓa mini hannu."

Boyd ya rasa inda zai sa idonsa. "Ke ai kina kiran sunansa."

"Ina kira, ba ya isa. Ba ni na yi masa shiru ba. Ku kuka rufe, ku za ku buɗe, kuma kai yake jira. Yaron da tun yana goye bai taɓa rufe baki ba. Sannu kawai za ka ce masa, ɗana. Sau nawa ka ci abinci a teburina?"

Kunya ta kama Boyd, har da tsoro, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya yi mata alkawari. Ya ce da an gama wasannin yanki zai yi.

Aka yi wasannin yanki a filinmu, suka cinye. Mutane suka hau rufin motoci suna buga tukwane. Boyd ya ce a ransa, to a bari a wuce mataki na gaba, wasa biyu ne kawai. Suka wuce shi ma, Hollis ya yi zagaye tara ba maki ko ɗaya. Sai Boyd ya ce idan an isa Omaha, ai an kafa tarihi, sauran duk ƙari ne. Da suka isa ya ga filin da idonsa, kujeru hawa kan hawa, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, sai ya gane ƙarya yake yi wa kansa. Shi kofin yake so. Kowace safiya a otal yana ganin kujera guda a ƙarshen tebur da ba wanda ya zauna a kai, kuma sai ya ƙura ido sosai kafin ya ga akwai mutum a kanta.

Wasan ƙarshe ranar Litinin aka yi shi, rana tsaka, zafi kamar a bakin murhu. Rabin Corbin Ferry na wurin. Mis Loretta na layin gaba kusa da rumfarsu, ba ta tafi ba ta ihu, Boyd kawai take kallo. Tun zagaye na uku su Boyd suka ci maki ɗaya, daga nan ba wanda ya sake ci. Aka shiga zagaye na tara. Hollis ya kori masu kulki biyu, saura ɗaya a tashi wasa. Amma wani ya samu ya bugi ƙwallo ta sulale ta tsakanin ƙafafun Magee, kafin a ankara ya kai tasha ta uku, 'yan taku kaɗan tsakaninsa da gida.

Boyd ya tsuguna ya nuna wa Hollis alamar irin jifan da zai yi da yatsu tsakanin cinyoyinsa. Hollis bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba. Yana tsaye kawai a kan tudu, hannaye a sake. Sai ya ɗaga safarsa ya yafito Boyd. Tun Fabrairu bai taɓa yin haka ba.

Boyd ya nemi izinin alƙalin wasa, ya cire takunkumi ya nufi tudun. Idan mai cafka da mai jifa za su yi shawara, kowa rufe bakinsa yake yi da safar hannu don kada abokan hamayya su karanta leɓensa. Boyd ya rufe nasa tun daga nesa. Mutum dubu ashirin da wani abu na ihu, amma da ya taka jar ƙasar sai ihun ya ja baya, ya ji sanyi ya ratsa rigarsa da ta jiƙe da gumi. Ƙasar na nan sumul. Ya ɗaga ido, sai ya ga yana hango koriyar katangar bayan fili ta cikin kafaɗar Hollis.

Hollis bai rufe nasa bakin ba. Ya sauke safar, ya sunkuyo.

"Boyd," in ji shi, muryar can ƙasa. "Kana ganina?"

Sunan yana kan harshen Boyd. Gaɓa biyu ne kawai. Bakinsa a rufe yake da fata, da ya faɗa ba Magee ba koci ba wanda zai sani har abada. Ya ga manyan kunnuwan nan, ya tuna karen mai ƙafa uku, ya ji kuka na neman zuwa masa. Sai idonsa ya sauka kan allon maki, ɗaya da babu, ya ga mutumin da ke tasha ta uku yana rawar ƙafa. Jifa uku ne kawai a kori mai kulkin nan a ci kofi, in ji shi a ransa. Minti biyu. Wanda ya jure wata huɗu zai jure minti biyu, da an gama zan kira shi har muryata ta dishe.

Ya sunkuyar da kai ya juya ya koma wurinsa. Bai waiwaya ba.

Jifa na farko mai kulki ya kai duka ya sami iska. Na biyu ma haka. Na uku Boyd bai ma ga tahowar ƙwallon ba, sai dai ya ji sanyi cikin tafin hannunsa har ƙashi, alƙali ya ɗaga hannu, fili ya ɗauka gaba ɗaya.

Ƙungiyar da ta ci kofi kan tudun jifa take taruwa, a danne mai jifa a ƙasa, kowa ya taho a guje ya faɗa kan 'yan'uwansa har a yi tsibi. Boyd ne na farko. Ya ruga da hannaye a buɗe, ya ga Hollis tsaye yana kallonsa, ya rungumo shi suka faɗi, Magee ya faɗo musu, sauran suka biyo baya. A ƙarƙashin tsibin nan ba haske ba iska, sai gwiwa da gumi da ihu. Boyd ya buɗe baki ya kira sunan da dukan ƙarfinsa, nauyin mutum talatin ya matse masa ƙirji, ko shi bai ji abin da ya faɗa ba.

Aka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya ɗaga, Boyd na kwance rub da ciki a kan jar ƙasa, hannayensa a rungume. Ba kowa a ƙarƙashinsa sai hula da safar hannu ta fata, mai sheƙin mai.

Ya miƙe ya juya ko'ina. "Hollis! Ina Hollis?"

Magee ya riƙo wuyansa yana dariya hawaye na zuba. "Wa?"

"Hollis Varnado. Na Juma'a."

"Yau Litinin ce, mutumina. Rana ce ta buge ka. Zo ga kofi can an kawo."

Boyd ya kamo hannun Koci Stringer. "Yallaɓai, wa ya yi mana jifa yau?"

Koci ya buɗe baki zai amsa, ya tsaya, ya ɗan yamutsa fuska kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Sai aka zuba masa bokitin ruwan ƙanƙara a ka, ya juya yana dariya, aka ja shi wajen masu hoto.

Boyd ya duƙa ya ɗauki safar. Da sauran sanyi a cikinta. Ya bi ta gefen masu murna, takardu masu launi na zubo masa a ka, ya nufi rumfa don ba shi da wani wurin zuwa. Mis Loretta ta sauko har bakin shinge. Duk filin ita kaɗai ce ba ta kallon kofin. Ta dubi safar da ke hannunsa, ta dubi tudun, sannan ta dube shi.

"Na ga ka je wurinsa," in ji ta. "Na ga ka rufe baki. Ka yi masa magana, ko? Ka kira shi?"

Boyd ya tsaya a gabanta. Bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga ba, sai dai ya ji ƙanshin man fata a hancinsa. Ya rufe bakinsa da safar Hollis.